Zuwa ga Jamilu: Kada Ka Ce Mini Asid Ne

Parkchester, Bronx

Ɗana Jamilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya. Allah Ya sa ka shiga Ohio da ƙafar dama, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare mini kai a hanya da wurin aiki da wurin kwana. Babanka yana gaishe ka, ga shi can a kujerarsa yana yi kamar bai san abin da nake rubutawa ba.

Ban ba ka takardar nan hannu da hannu ba domin na san halinka. Da ka karɓa, ka rungume ni, ka ce za ka karanta a mota, shi ke nan ta shige ƙasan jaka sai baɗi. Shi ya sa na naɗe ta a jikin kwalbar ƙwayoyin nan masu kama da alli da kake taunawa, na ɗaure da zare, na mayar da ita aljihun da ka ɓoye ta. E, na gani. Saboda haka in takardar nan tana hannunka yanzu, na san abin da ya kai hannunka wurin. Ƙirjin ne ya sake yi maka zafi.

To, tsaya. In zafin ya zo da gumi, ko ya gangara hannu, ko ya hau muƙamuƙi, ko numfashi yana yi maka wuya, ajiye takardar ka kira motar asibiti yanzu. Surutuna ba inda zai je, zai jira ka. In kuwa ya lafa, nemi wuri ka zauna ka karanta a hankali. Na san karatun Hausarka yana ɗingishi, amma ka daure, ni ma haka na daure da Turancinku shekara da shekaru.

Tun ranar da ka ce ka samu aiki a kamfanin yin batirin mota nake mamakin ikon Allah. Kakanka, mahaifina, wanda ba ka riska ba, mai cajin batir ne a Fagge. Rumfa ce 'yar ƙarama a bakin titi, batura jere a ƙasa, wayoyi ko'ina. Ba shi da wando ko ɗaya na aiki da ba huji a jikinsa, Inna ta yi faci har ta gaji ta bar shi. A ƙuryar rumfar akwai wata ƙatuwar kwalba da aka naɗe da igiya, kuma duk rashin jinmu ba mai zuwa kusa da ita. Abin da ke ciki ruwa ne garau, in ba a faɗa maka ba sai ka ɗauka na randa ne. Wata rana na kai masa abinci, ya ga ina ta leƙen kwalbar, sai ya ɗebo ɗan kaɗan da wani bututun roba ya ɗiga a kan tsumma. Muna kallo wurin ya yi baƙi, ya rube, ya zama huji.

Ya ce, "Kin gani, Sa'a? Ruwa ne, amma da wuta a cikinsa. Asid sunansa. Kuma shi ne yake tayar da babbar motar da kike gani tana ɗaukar buhu ɗari."

Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Ruwa, wanda da shi ake kashe wuta, a ce Allah Ya ɓoye wuta a cikinsa, kuma wutar ta kwanta shiru a cikin akwati har sai direba ya murɗa makulli. Da wannan na girma. A wurina asid abu ɗaya ne a duniya, yana cikin kwalbar Baba, kuma mutum mai hankali ba ya zuwa kusa da shi.

Da na zo ƙasar nan, kana goye, aikin da na fara samu shi ne kula da wata tsohuwar Baturiya a Manhattan. A kicin ɗinta akwai wani farin dutse mai sheƙi da suka shimfiɗa a kan kantar girki, mabul suke ce masa, har fuskarka kana gani a ciki. Wata rana shayi ya bar tabo a kai. Ni kuwa 'yar Inna ce, na san ba tabon da yake gagarar lemun tsami, da shi muke goge faranti da tukunya su fito kamar sababbi. Na yanka lemo, na matse a wurin, na kifa ɓawon a kai, na tafi yi wa tsohuwa wanka ina jin daɗin kaina. Da na dawo tabon shayi ya tafi, sheƙin dutsen ma ya bi shi. Wurin ya dushe, ya yi kaushi, zagaye guda daidai girman lemon.

Da yamma 'yarta ta zo, ta shafa wurin da yatsa, ta ce, "Me kika zuba a nan?"

Na ce, "Lemo ne kawai."

Ta ce, "Ai lemo asid ne. Ya ci dutsen."

Jamilu, sai na shiga rantse-rantse da guntun Turancina cewa ban taɓa shigo da asid gidan nan ba, ni 'yar mutunci ce. Tsohuwar tana kan kekenta na marasa lafiya tana dariya har da hawaye. Da ƙyar suka fahimtar da ni cewa ba zargina ake yi ba, tsamin da ke cikin lemo shi ma asid ne, mai sauƙi dai. Ba su kore ni ba. Amma a jirgin ƙasa, a hanyar dawowa, na kasa daina kallon hannuna. Abin da nake matsawa a kunu, nake ba mai mura, ya ci dutse, ni kuwa ina lasar yatsuna ban ji komai ba. Zagayen nan yana nan a kan kantar har tsohuwar ta rasu, kullum da safe shi nake fara gani.

Abin da zan ce maka a nan gajere ne. Abin da ya yi maka aiki a gidanku ba lalle ya yi a gidan wani ba. In ka shiga kamfanin nan, kada digirinka ya hana ka tambaya. Kuma safar hannu da gilashin ido da za su ba ka, ka sa su ko da sauran suna dariya, kakanka wando kawai ya rasa don Allah Ya tsare, na san abokin sana'arsa da ya rasa ido.

Sauran karatun kai ka koya mini, ko da yake da murɗar kunne na biya ka. Kana aji biyar lokacin. Azumi ne, na dafa zoɓon da zan kai wa masu kasa kaya a titin 125 da na ƙofar masallaci, na jera a firiji, na tafi aiki. Na dawo a gajiye, ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar ka buɗe galan guda, ka jera kofuna a kan tebur, ga ƙullin kanwata a kwance, ga lemo a yanke. Ban tambaye ka komai ba, kunnenka na fara kamawa.

Kana ta cewa, "Umma, wait, wait! Duba mana, duba!"

Da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kunne, ka zuba ruwan kanwa a cikin kofin zoɓo. Jan nan ya mutu nan take, ya koma wani duhu mai kore-kore kamar ruwan kududdufi. Wannan bai ba ni mamaki ba, kowace mace ta san kanwa tana ɓata launin zoɓo. Na ce, "To ka ɓata, sai me?" Sai ka matsa lemo a ciki. Ina tsaye, ina kallo, jan ya dawo. Daga ƙasan kofin ya taso, ya bazu, har ya koma zoɓo sak kamar ba abin da ya taɓa shi.

Na saki kunnenka na jawo kujera. Na ce, "Sake."

Ka sake. Na ce ka kuma sakewa. Har aka kira sallar magariba muna nan, ni da kai, muna kashe ja muna tayar da shi, babanka ya shigo shan ruwa ya tarar ba a ko ɗora kunu ba. A ranar ka yi mini bayani, rabi da Hausa rabi da Turanci, cewa gida biyu ne. Lemo da tsamiya da yakuwa da nono da zoɓon kansa duk 'yan gida ɗaya ne, ruwan batirin kakanka shi ne babban yayansu. Kanwa da toka da sabulu su ma gidansu ɗaya. In ɗan wannan gida ya gamu da ɗan wancan, sai su kashe wa juna kaifi. Na tuna kumfar da take tasowa in na jefa kanwa a tukunyar yakuwa, abin da na gani sau ba adadi ban taɓa tambayar dalili ba. Tsarki ya tabbata ga Allah. Ashe tun ina yarinya sulhu nake yi a tukunya ban sani ba.

Ban taɓa ba ka haƙuri a kan kunnen nan ba, to ga shi na ba ka. In Allah Ya ba ka 'ya'ya, ka shigo ka tarar sun yi ɓarna, ka fara tambayar me suke nema su gani. Hannu ba ya ƙarewa, yana nan in an gama bayani.

Da ka shiga sakandare ka zo mini da wadda ta fi duka. Muna cin tuwo ka ce, "Umma, kin san akwai asid a cikinki yanzu haka?" Na ce bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ka ce wallahi, kuma ba mai sauƙi irin na lemo ba, mai ƙarfi ne, ɗan uwan na batir, shi yake narkar da nama da ƙashin kifi. Na ce to me ya hana shi cin cikin kansa, tunda shi ma nama ne? Ka ce akwai wani yauƙi da ya lulluɓe bangon cikin, kullum jiki yana sabunta shi, shi ne ya tsaya tsakanin mutum da wutar. Na ajiye lomar da ke hannuna. Abin da Baba ya killace a kwalba ya naɗe da igiya ya hana mu kusanta, ashe kowannenmu yana yawo da irinsa a ƙarƙashin riga, jariri da tsoho, sarki da talaka, kuma abin da Allah Ya sa ya tsare mu bai wuce yauƙi irin na kuɓewa ba. A daren nan na daɗe a kan sallaya. Har yau in na ci abinci na ji ya kwanta lafiya, sai na tuna.

Da a nan na tsaya, da mamakin kawai, da na tsira. Amma sai na ɗauki ɗan abin da ka koya mini na haɗa da wanda na gada, na zama likita.

Ka san babanka lokacin yana tuƙin tasi. Ba ya cin abinci a kan lokaci, in ya tashi ci kuma sai yaji ya rufe farantin, ga kofi kamar ruwa. Ya riƙa fama da zafin ƙirji. A gida ƙwarnafi muke ce masa, kuma tun kakannin kakanni maganinsa jiƙon kanwa. Yanzu kuwa na san dalili, ko ba haka ba? Asid ne ya taso daga ciki, kanwa 'yar ɗaya gidan ce, su gamu su kashe juna. Sai in jiƙa 'yar ungurnu a kofi in ba shi, ya sha, ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya ce, "Alhamdu lillahi, ya sauka." Kuma da gaske yana sauka. Abin da ya cuce ni ke nan, maganin yana aiki.

Kafin ka ce me, sunana ya zaga benenmu. Matan Gana da na Nijar, wadda cikinta ya ɗaure, wadda ƙirjinta yake suya, duk sai a ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni kuma in gyara ɗaurin ɗankwali in ce, "Asid ne." Na daina cewa ƙwarnafi ma, ya yi mini ƙauyanci. Kalmar nan tana da daɗin faɗa, Jamilu. Gajeriya ce, tana sa mai faɗa ya ji kamar ya yi karatu, mai ciwo kuma ya ji an gano abin, hankalin kowa ya kwanta. Ba wanda ya taɓa tambayata ta yaya na sani, ni ma ban tambayi kaina ba.

Ranar da abin ya faru kana jami'a, abin da ka sani shi ne an kira ka an ce babanka yana asibiti. Ka sha jin labarin a gutsure, yau ga shi a jere. Asabar ce da hantsi. Lif ta lalace, babanka ya ƙi jira, ya ɗauko buhun shinkafa daga mota ya hawo da shi ta matakala. Ya shigo ya ajiye, ya zauna a kujera bai cire takalmi ba. Ya dunƙule hannu ya danna a tsakiyar ƙirjinsa.

Ya ce, "Sa'a, abin nan ya taso."

Ina kicin ina tace zoɓo, ko juyowa sosai ban yi ba. Na ce, "Asid ne. Jiya da dare wa ya ce ka ci kilishin nan?" Na jiƙa kanwa na kawo masa. Ya sha, ya yi gyatsa. Na ce, "Ka gani?"

Ya ce, "Bai sauka ba."

Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, ga sanyi ana yi. Na ga leɓensa ya canza. Idona ya gani, amma na riga na sa wa abin suna, kuma sunan ya rufe mini ido. Na ce a raina kanwar ce ta yi kaɗan. Na koma kicin ina jiƙa kofi na biyu, har ina ƙara gutsure, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Sista Saratu ce, maƙwabciyarmu ta hawa na ƙasa, 'yar Kafanchan ɗin nan da take aikin jinya. Zoɓon da ta sa na yi mata na bikin cocinsu ta zo ɗauka. Ta shigo tana dariya tana gaisuwa, idonta ya faɗa kan babanka, dariyar ta ɗauke.

Ta ce, "Baban Jamilu, tun yaushe?"

Ya ce tun da ya hawo bene.

"Yana zuwa hannu?"

Ya gyaɗa kai.

Na fito da kofina na ce, "Sista, asid ne, yanzu zai sauka, ya saba."

Shekarunmu nawa da matar nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar ta ce, "Maman Jamilu, ajiye kofin nan! Ajiye! Buɗe ƙofa ki bar ta a buɗe." Wayarta tana kunne tana ba da lambar gida da Turanci, ɗaya hannun yana riƙe da wuyan hannun babanka. Ni kuwa ina tsaye a tsakar ɗaki, kanwa tana zuba a kan ƙafata.

Zuciya ce. Jijiyar da take kai wa zuciyar kanta jini ce ta toshe. Bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata, likitar, wata 'yar siririyar mata da ba ta girme ka da yawa ba, ta kira ni ta nuna mini hoton a allo, Sista Saratu tana fassara mini inda na kasa. Jamilu, na ga zuciyar babanka tana motsi. Na ga jijiyoyi sun rarrabu a jikinta kamar saiwar bishiya, manya suna haifar ƙanana, ƙanana suna haifar waɗanda ido bai kai gare su ba. Shekara talatin ina kwana kusa da abin nan, ina jin bugunsa, ban san haka yake ba. Ta nuna mini wuri ɗaya inda hanyar ta tsuke ta koma kamar zare. Ta wannan zaren ran mijina yake wucewa lokacin da nake ƙara gutsuren kanwa.

Na ce a tambaye ta, ta yaya mutum zai bambance wannan da ƙwarnafi. Na ɗauka za ta ba ni wata alama in riƙe, in koma in ci gaba da likitancina da gyara. Sai ta ce sau da yawa ba a iya bambancewa. Ta ce maƙogwaro da zuciya maƙwabta ne, hanyar da suke aika kukansu zuwa ƙwaƙwalwa kusan ɗaya ce, shi ya sa mai jikin da kansa ba ya sanin wanne ne yake kuka. Ta ce ita ma, da duk karatunta, ba ta yanke hukunci sai ta sa na'ura ta kuma auna jini. Abu ɗaya ta ce in riƙe: zafin da yake zuwa in mutum ya hau bene ko ya ɗauki kaya, ya lafa in ya huta, kada a taɓa ce masa asid sai an duba.

Sannan ta tambaya ko a danginsa akwai wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya. Na tuna baffanka Sani, ƙanin babanka, wanda ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Kwari bai kai arba'in ba. Ajali ne, ba shakka, kuma haka muka ce. Amma likitar ta rubuta, ta ɗago ta ce, "Kuna da 'ya'ya?" Na ce ɗaya. Ta ce, "Ya kamata ya sani."

Ka sani, mun gaya maka, ka ce to. Kanwa kuma tun ranar ta koma inda ta fito, tukunyar wake da ɗanwake, an ma ce gishirin da ke cikinta yana tayar da hawan jini. Matan bene sun ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa na ɗan lokaci, ina ce musu ban sani ba, su je a duba su. Wasu sun ji haushi, wai na fara rowa. Wallahi "ban sani ba" ta fi "asid ne" nauyi a baki, sai da na koya kamar mai koyon sabon yare.

Yanzu ka gane abin da na gani ranar Talatar nan da ka raka ni sayayyar tafiyarka. Muna hawa matakalar tashar jirgin ƙasa ta Parkchester, kai kana gaba da jakunkuna, ni ina baya ina jan gwiwoyina. Kai da kake haye matakalar nan bibbiyu tun kana yaro, sai na ga ka tsaya a tsakiya. Ka ajiye jaka ɗaya. Ka dunƙule hannu ka danna a tsakiyar ƙirjinka, daidai inda babanka ya danna, da irin dunƙulewar. Jirgin ya zo ya wuce a kan gadar da ke samanmu ban ji ƙararsa ba.

Na ce, "Jamilu, mene ne?"

Ka yi murmushi ka ce, "I'm fine, Umma. Asid ne kawai."

A bakina ka koyi maganar nan. Tun kana ƙarami kake jin ina faɗa wa duk wanda ya dafe ƙirji, da irin muryar, da irin tabbacin. Da wani ne ya zage ni a kan matakalar nan da ya fi mini sauƙi.

Na yi maka magana a jirgi, ka mayar da ita wasa. Babanka ya yi maka da daddare, ka ce an duba lafiyarka wajen ɗaukar aiki an ce ƙalau kake. Ya ce, "Ka gaya musu zancen ƙirjin? Ka gaya musu zancen Sani?" Ka ci gaba da danna waya. Ni na san abin da ke ranka, ni na haife ka. Ka daɗe kana neman aikin nan. Ka ga babanka ya ajiye tuƙi, ka ga ni da gwiwoyin nan har yanzu ina ɗaga tsofaffin mutane, kana so ka ce mini in huta. Kana tsoron in ka je aka ga wani abu, aikin ya suɓuce. Allah Ya yi maka albarka da wannan niyya. Amma ka saurare ni da kyau: na gwammace in yi ta ɗaga tsofaffi har ranar da ni ma za a ɗaga ni, da in zauna a gida ina hutawa a kira ni daga Ohio. A can ba Sista Saratu a hawa na ƙasa. Ba wanda zai zo ɗaukar zoɓo.

Ban ce zuciya ce ba. Ka lura, ban ce ba. Na sa wa ciwo suna sau ɗaya na ga inda ya kai ni, ba zan sake ba, ko sunan tsoro ko na kwantar da hankali. Kai yaro ne, mai yiwuwa yajin da ka gada ne da kofin da kake sha. Ni ban sani ba, kai ma da digirinka ba ka sani ba. Jikin nan da muke yawo da shi, mai wuta a ciki da yauƙi a bango da saiwoyi a zuciya, ya fi ƙarfin a tsaya a matakala a yanke masa hukunci da kalma ɗaya. Wanda Ya gina shi ne kaɗai Ya san shi duka, sai kuma ɗan abin da Ya sanar da masu na'ura.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban taɓa roƙonka abu da girman haihuwa ba sai yau. A cikin makon nan, ba bayan albashin farko ba, ka nemi likita. Ka gaya masa komai: matakalar, da babanka, da baffanka Sani. Kada ka shiga kana cewa "ina da asid", ka ba shi amsa kafin ya yi tambaya. Ka ce masa ga inda yake yi mini zafi, ga lokacin da yake zuwa, sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi aikinsa. Ƙwayoyinka ga su nan ban taɓa ko ɗaya ba, in ya ce ka ci gaba da taunawa, ka tauna.

In ka kira ni ran Juma'a zan tambaye ka. Kada ka ce mini asid ne. Ka ce mini, "Umma, na je, an duba, likita ya ce asid ne." Tun da nake ban taɓa roƙon Allah Ya sa ɗana yana da wani ciwo ba, amma tun ranar Talatar nan, a kowace sujada, abin da nake roƙo ke nan: ya Allah, Ka sa asid ne. In ka faɗa mini haka daga bakin wanda ya duba, zan dafa zoɓo in raba wa benen nan tun daga sama har ƙasa, in kai wa Sista Saratu galan guda da kaina.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko da aikin dare suka ba ka. Ka ci abinci kafin yunwa ta gigita ka, ka rage yajin nan. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare abin da ke cikin ƙirjinka, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya dawo mini da kai kana haye matakalar nan bibbiyu ina bayanka ina faɗa.

Babanka ya ce in ƙara maka cewa shi ma yana jiran Juma'ar.

Mahaifiyarka,
Sa'adatu